Kafin ka sayo wa Oga na'urar auna bugun golf, fara auna ɗakin

A damunar da ta wuce, wani abokina da ke aikin hadimi a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya ya samu aike daga maigidansa. Maigidan ya ga wata 'yar na'ura a wurin abokan wasansa a filin golf, wadda ake ajiyewa a ƙasa ta riƙa faɗa wa mutum saurin ƙwallonsa da nisan da ta yi. Sai ya ce shi ma a nemo masa irinta, domin yana son ya riƙa motsa hannu a gida bayan sallar isha'i. Abokin nawa bai taɓa riƙe sandar golf ba. Ya shiga intanet, ya zaɓi wadda aka fi yabo cikin masu sauƙin kuɗi, ya ba wani mai dawowa daga Amurka sautu. Na'urar ta iso lafiya lau, kuma babu abin da ya same ta. Ɗakin ne bai dace da ita ba. Tsawonsa bai cika mita 4 ba, alhali irin wannan na'ura tana neman wajen mita 5, ga kuma fanka a tsakiyar silin, daidai inda sanda za ta bi. An yi mako biyu ana fama da alƙaluma marasa kan gado, daga nan aka mayar da ita kwalinta. Har yau idan zancen ya taso a ofis, abokina shiru yake yi.

Ba abin mamaki ba ne a ce masu buga golf a Abuja sun fara sha'awar irin wannan kaya. Wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu yana cin lokaci: zagayen ramuka 18 a filin IBB da ke Maitama kan ɗauki wajen awa huɗu. Ma'aikacin da a takarda yake tashi ƙarfe huɗu, amma a zahiri sai maigida ya bar ofis, rana kan faɗi kafin ya kai ƙofar filin. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ruwan sama na iya cinye Asabar ɗin da aka ƙwallafa rai a kanta. Wanda ke zaune a Gwarinpa ko Kubwa ko Lugbe yana da cunkoson hanya a kan wannan duka. Raga da darduma da na'ura a gareji suna ba mutum minti 30 na atisaye kowace rana, abin da zuwa fili sau ɗaya a mako ba zai ba shi ba.

Me na'urar ke gani?

Cikin ɗaki, ƙwallo ba ta wuce mita 2 ko 3 take cin karo da raga. Saboda haka babu na'urar da ke ganin inda za ta sauka. Abin da take yi shi ne ta kama wasu 'yan bayanai a daidai lokacin bugu: saurin da ƙwallo ta tashi da shi, kusurwar tashinta, ɓangaren da ta nufa, da yawan juyin da take yi a iska. Daga waɗannan sai manhaja ta yi lissafi ta ce da a fili ne, da ta yi yadi 150 ta karkata dama. Duk abin da na'urar ba ta auna da kanta ba, kintata shi take yi, kuma a nan bambancin ta dala 600 da ta dala 7,000 yake. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kowace na'ura ita ce: wanne adadi kike aunawa, wanne kike kintata? Kamfanoni sukan jera alƙaluma 14 ko 20 a jikin kwali ba tare da sun rarrabe su ba, sai mutum ya tona takardar bayani.

Juyin ƙwallo shi ne mafi wuyar kamawa, kuma shi ke tafiyar da kusan komai. Shi ke riƙe ƙwallo a sama, shi ke lanƙwasa ta hagu ko dama, shi ke sa ta tsaya cak ko ta gangara bayan ta sauka. Doguwar sandar buɗe wasa kan juya ƙwallo wajen sau 2,500 a minti, gajerun sanduna kuwa sukan haura sau 8,000. Na'urar da ta kuskure wannan adadi za ta iya nuna maka bugu miƙaƙƙe a allo, alhali da a fili ne cikin daji za a nemo ƙwallon. Wanda ya yi wata uku yana atisaye a kan irin wannan ƙarya, kuskurensa kawai yake ƙara kafewa.

Iri biyu ne, kuma ɗaki ne ke raba su

Iri na farko radar ne. Yana aiki da ƙa'idar da masanin nan na Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Duk mazaunin Abuja ya san ta ko bai san sunanta ba: jiniyar ayarin motoci takan yi ƙara mai kaifi tana nufo ka, ta yi kauri bayan ta wuce. Na'urar tana aika igiyar rediyo, ta bugi ƙwallo ta dawo, daga sauyin da aka samu sai ta gane saurinta. Kamfanin TrackMan na Denmak, wanda aka kafa a 2003, shi ya yi fice a wannan fanni, kuma babbar na'urarsa ta haura dala 20,000. Ƙannenta masu sauƙin kuɗi su ne Garmin Approach R10, wadda ta fito a 2021 a kan dala 600, da FlightScope Mevo+ ta 2020 a kan wajen dala 2,000, da Rapsodo MLM2PRO ta 2023 a kan dala 700, wadda ta haɗa radar da kyamara biyu.

Dukkan waɗannan a bayan mai bugu ake ajiye su, kuma suna son su ga ƙwallo tana tafiya. A taƙaice, ƙafa 6 zuwa 8 daga na'ura zuwa ƙwallo, sannan aƙalla ƙafa 8 daga ƙwallo zuwa raga. Idan aka haɗa, ƙafa 16 ke nan, kusan mita 5. Sai a ƙara tazarar da za a bari tsakanin raga da bango, don kada ƙwallo ta bugi bulo ta dawo wa mai ita. Ɗakin kwana na galibin gidajen haya bai kai haka ba, boskwata ma haka. Gareji ko doguwar baranda ne suka fi kusa.

Ko ɗakin ya kai, radar yana da abokan gaba, kuma kusan dukkansu suna cikin gidajenmu. Tun da motsi yake bibiya, fanka mai juyawa takan ruɗa shi. Haka na'urar sanyaya ɗaki, da dogon ƙwan fitila irin na da, da ƙofar gareji ta ƙarfe, da duk wani babban ƙarfe da ke kan hanyarsa. Wanda ya zaɓi radar ya shirya kashe fanka a watan Maris, ya buga cikin gumi.

Batun juyi ma yana da sharaɗi. A cikin ɗaki, radar ba ya samun isasshen lokacin ganin ƙwallo tana juyawa, sai an taimaka masa. Mevo+ tana amfani da wasu 'yan ɗigo na ƙarfe da ake manna wa ƙwallo. R10 tana iya aiki da ƙwallayen Titleist na musamman masu suna RCT, waɗanda aka saka wa alamar da radar ke gani a cikinsu. MLM2PRO kuwa tana buƙatar ƙwallaye masu zanen ɗigo-ɗigo da ake kira RPT kafin ta auna juyi. Ƙwallon da ake bugawa a raga kowace rana takan goge ko ta tsage, kuma waɗannan ba kayan da za a aiki direba ya sayo a kasuwar Wuse ba ne. Duk mai sautun na'ura ya haɗa da dozin biyu.

Iri na biyu kyamara ce. Ana ajiye ta a gefen ƙwallo, ta ɗauki hotuna masu tsananin sauri a 'yan incin farko na tashinta, ta kwatanta su, ta ga yadda ƙananan ramukan jikin ƙwallon suka juya. Ba ruwanta da tsawon ɗaki, ba ruwanta da fanka. Muddin mutum zai iya wurga sanda ba tare da ta taɓa komai ba, kuma akwai wajen mita 3 zuwa raga, an gama. Foresight Sports na Amurka shi ne gaba a nan, da GCQuad mai kyamara huɗu da ƙaramarta GC3 mai uku, wadda ta fito a 2021 a kan wajen dala 7,000. Bushnell Launch Pro ita ce dai GC3 ɗin da wani suna, ana sayar da ita da rahusa amma a riƙa biyan kuɗin shekara kafin a buɗe wasu bayanai. SkyTrak+, wadda ta fito a 2023 a kan wajen dala 3,000, kyamara ce da aka ƙara wa radar don auna motsin sanda. Garmin ma ya shigo wannan layi a ƙarshen 2024 da R50, mai allonta a jiki, a kan dala 5,000. Akwai kuma Square Golf mai dala 700, wadda ta karya farashin wannan rukuni, sai dai a cikin ɗaki kaɗai take aiki.

Kyamara tana da nata ƙa'idoji. Idan a gidan akwai bahago, sai an riƙa ɗauke ta daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da aka sauya mai bugu. Wasu suna so a ajiye ƙwallo a wani ƙayyadadden wuri, wasu hasken rana kai tsaye yana damun su. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta bar gilashin mota ba balle idon kyamara. Ƙyalle mai laushi da jakar rufewa suna cikin kayan aiki.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda zai fi amfani da na'urar a filin atisaye, a sarari, radar mai araha ya ishe shi, kuma batirin R10 kan kai awa 10. Wanda cikin ɗaki zai yi kashi tara cikin goma na bugunsa, ya nemi kyamara, ko da zai jira wata shida ya cika kuɗin.

Saura silin. Mutum mai matsakaicin tsayi yana buƙatar wajen mita 2.7 zuwa 3 kafin ya saki jiki da doguwar sanda. Gidajen Abuja da dama suna da wannan tsayi a asalin gini, amma adon POP da aka sauko da shi da fitilun da ke reto sun cinye. Ba a dogara da zanen gini. A ba mai wasan doguwar sandarsa, ya tsaya inda zai riƙa tsayawa, ya ɗaga ta a hankali har ƙarshen bugu. Idan ya ji yana ɗari-ɗari, to ɗakin bai yi ba, domin mai tsoron silin yakan gajarta bugunsa ba tare da ya sani ba, kuma da wannan gajeren bugu zai tafi fili ranar Asabar.

Kuɗin da ba a rubuta a kwali

Don sauƙin lissafi, mu ɗauki dala a kan naira 1,500. Na'urar dala 600 ta zama naira 900,000, ta dala 3,000 kuma miliyan 4.5, kafin kuɗin dako da na kwastam da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Wannan shi ne ɓangaren da kowa ke gani, kuma sau ɗaya ake biyansa.

Ɓangaren da ke kama mutane shi ne kuɗin sabuntawa. MLM2PRO tana neman wajen dala 200 a shekara kafin a samu cikakken amfaninta. Naira 300,000 ke nan, fiye da wata huɗu na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Cikin shekara biyar, na'urar dala 700 ta lashe dala 1,700. R10 tana ba da alƙaluman atisaye kyauta, amma buga wasa a filayen kwaikwayo na manhajar Garmin sai an biya wajen dala 100 a shekara. Mevo+, wadda ta fi su tsadar saye, ba ta neman kuɗin shekara a kan muhimman alƙalumanta, kuma tana zuwa da wasu filaye na manhajar E6 Connect. Idan aka yi lissafin shekara biyar, tazarar da ke tsakaninsu takan ragu sosai. Kuma kowa ya ga abin da ya faru daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira: dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni. Alƙawarin biyan dala kowace shekara da albashin naira ba ƙaramin alƙawari ba ne.

Yadda za a biya ma abin tunani ne. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a waje, kuma ko bayan da wasu suka dawo da shi, akwai iyaka a kan abin da za a iya kashewa. Asusun dala a bankin cikin gida shi ne hanya mafi sauƙi. Hadimin minista ko na ɗan majalisa ya tuna cewa jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana maigidansa riƙe asusun banki a wata ƙasa. Wannan jadawalin dai ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Na kawo wannan ne domin na'urar miliyan 7 irin kayan da ɗan kwangila mai wayo zai so ya aiko gida da sunan gaisuwa ce, kuma hadimi ne zai sa hannu ya karɓa a ƙofa.

Daga alƙaluma zuwa majigi

Ganin alƙaluma a waya daban, buga zagaye a filin St Andrews na Sukotland daga cikin gareji daban. Na farko waya da raga da darduma kawai yake buƙata. Na biyu yana neman allon da zai jure dukan ƙwallo, da majigi mai haskawa daga kusa don kada inuwar mai bugu ta rufe hoto, da kwamfuta. Manhajar GSPro, wadda masu irin waɗannan ɗakuna suka fi so, wajen dala 250 ce a shekara, kuma a kan Windows kaɗai take aiki, da kwamfuta mai ƙarfi irin ta masu wasan bidiyo. Kwamfutar ofis ba za ta ɗauke ta ba. Ba kowace na'ura ce ke haɗuwa da kowace manhaja ba, wasu kuma sai an biya kamfanin na'urar ƙarin kuɗi kafin ya buɗe wannan ƙofa. A tabbatar da wannan kafin a biya ko sisi, kada a yi cinikin biri a sama. Haka wayar ma: a duba ko tana cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓa.

Na'urar tana da batirinta, amma majigi da kwamfuta ba su da shi. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rami na 14 takan ɓata dare, yawanta kuma kan gajarta ran majigi, don haka a ɗora su kan inbata.

Kada a yi rowa a kan raga. Ƙwallon da mai wasa na yau da kullum ya buga da doguwar sanda takan tashi da gudun sama da kilomita 200 a awa. Raga mai araha takan ɓule ba sanarwa, kuma bayanta akwai gilashin taga, ko motar maƙwabci, ko yaro. Darduma mai tauri kuma gwiwar hannu take ci. Tana da wani aibin: idan sanda ta fara dukan ƙasa kafin ƙwallo, a kan ciyawa bugun zai mutu nan take, amma a kan darduma sandar kan zame ta samu ƙwallon, alƙaluma su fito da kyau. Mai atisaye a gida ya riƙa sauraron ƙarar bugunsa, kada ya bar wa allo hukunci shi kaɗai.

Bayan ta iso

Akwai saiti guda da mutane kan manta, wato tudun wuri. Iska takan yi sauƙi a kan tudu, ƙwallo ta ƙara nisa. Jos tana kan mita 1,200 da ɗoriya daga teku, Abuja ba ta kai rabin haka ba, Ikoyi kuwa a bakin teku take. Bugu ɗaya ba zai ba da nisa ɗaya a Rayfield da Ikoyi ba. Yawancin manhajojin suna ba da damar shigar da tudu da zafin wuri. A saita su daidai da filin da aka fi bugawa.

Gwajin gaskiyarta ba shi da wuya. A kai ta filin atisaye da sanyin safiya kafin iska ta taso, da ƙwallayen da mutum ke wasa da su, domin na haya sun sha duka kuma ba sa tashi daidai. A buga goma da sandar ƙarfe mai lamba 7, wani ya tsaya gefe can nesa yana lura da inda kowace ta fara sauka, a kwatanta da abin da allo ya ce. Idan kullum tana rage yadi 4, babu damuwa, an san halinta. Wadda ke cewa 140 yanzu, ta ce 165 a bugu mai kama da shi, ita ce abar gudu. Sannan a maimaita gwajin a gida a ga ko alƙaluman sun yi kusa.

Wannan gwaji yana da gaggawa, domin wa'adin mayar da kaya a shagunan waje yakan zama 'yan makonni ne, kuma yana fara ƙidaya tun ranar saye, ba ranar da mai sautu ya sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba. Idan zai yiwu, mai sautun ya buɗe kwalin tun yana can, ya kunna ta, ya ga tana aiki, ya riƙe rasit, ya sako ta a jakar hannu saboda batirinta. Wanda kuma zai sayi ta hannu daga wani ɗan kulob, ya tabbatar mai ita ya cire ta daga asusunsa na manhaja, ya kuma tambayi ko rajistar da ke kanta tana bin na'urar ne ko tana bin mutum.

Ga wanda ba ya son duk wannan hidima, akwai 'yar ƙaramar PRGR ta Japan, mai dala 200 da 'yan kai, wadda ke aiki da ƙananan batura irin na rimot. Saurin sanda da saurin ƙwallo da kintacen nisa kawai take bayarwa, ba waya, ba rajista, ba majigi. Mai son ƙara ƙarfin bugunsa kawai, ta ishe shi.

Abokina dai ya samu wanda ya karɓi tasu a rabin kuɗi, wani mai gida da doguwar baranda a Lokogoma. Maigidan ya sake zancen sayen wata a watan jiya. A wannan karon abokin nawa ya ari tef ɗin awo wurin wani kafinta, ya je gidan ranar Lahadi, ya rubuto tsawo da faɗi da tsayin silin, da inda fanka take, ya kuma tambayi ko cikin yaran gidan akwai bahago. An ce akwai ɗaya.